Farashin da na jira a taya

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk kasuwar Maigatari babu wanda ya kai ni iya ciniki, na ji a rediyo gwamnati na neman masu kawo awakin da za a raba wa mata a ƙauyuka. Na ce ai wannan aikina ne. A kasuwar dabbobi na tashi, mahaifina dillali ne, kuma ko daga nesa na hango akuya na san shekarunta.

Na biya wani mai kwamfuta a Gumel ya cika min takardu. Da muka zo kan farashi sai na yi abin da na saba yi kowace Alhamis: na ɗora kuɗi sama sosai, don in sun taya in ce albarka, su ƙara, in rage, mu haɗu a tsakiya. Aka saka takardun a ambulan aka rufe, na kai.

Daga nan na wuce wata ruga kusa da Ɗanzomo, wurin mahaifin abokina, dattijon da muke kira Baffa. Tun zamanin mahaifina a hannunsa muke sayen dabbobi. Na bugi ƙirji na ce masa, "Baffa, kada ku fitar da ko akuya ɗaya. Gwamnati ce za ta saye, ni ne da aikin."

Ya riƙe awaki arba'in saboda maganata.

Mako uku ina jiran a kira ni ciniki. Ko bayi zan shiga da waya nake shiga. Ashe tuni an buɗe ambulan, an ba wani ɗan kwangila daga birni. Kafin labari ya iso ni kasuwar Sallah ta wuce, farashi ya karye, ga tsadar dusa. Baffa bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi min sauƙi. In na je sai ya amsa sallama ya ci gaba da abin da yake yi, ni kuma ina tsaye. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Bayan damina aka ɓullo da wani shiri na gwamnati, ana haɗa ƙananan 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata su koya musu neman kwangila. Ni aka haɗa ni da wata Hajiya da ta yi ritaya, wadda ta shekara da shekaru a ofishin da ake buɗe irin waɗannan ambulan. A raina na ce me mace mai tabarau ta sani game da akuya?

Ranar farko ta duba tsohuwar takardata, ta ɗago ta ce, "Ɗana, awakin nan da zinare a cikinsu?"

Na ce, "Hajiya, ai na bar wurin ragi ne."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. "Ambulan ba ya tayi. Sau ɗaya ake jin bakinka, a gaban kowa, shi ke nan."

Wata huɗu tana fama da ni. Ta sa na yi rajistar kamfani, na nemo takardar haraji, na koyi karanta sharuɗɗa da kaina maimakon in dangwala hannu. Wata Alhamis ta zo kasuwa da kanta, cikin rana da warin fitsarin dabbobi, ta ga yadda nake buɗe bakin akuya in duba haƙora. Ta ce, "Wannan da kake ganin ba komai ba ne, manyan 'yan kwangila ba su iya ba. Rubuta shi a takarda."

Da aka sake fitar da neman awaki, na san babu inda zan samu masu lafiya kamar na Baffa, amma ba ni da fuskar zuwa. Na gaya mata duk abin da ya faru. Sai ta ce in samo Keke Napep mu je rugar. Yashi ya riƙe mu sau biyu a hanya, ta sauka tana tafiya a ƙasa da ciwon gwiwarta.

Ta gaishe da Baffa da Fulatanci, aka shimfiɗa mata tabarma. Ni ina ta addu'a ta yabe ni. Sai na ji ta ce, "Baffa, ban zo muku da alkawari ba. Yaron nan ya gyara takardunsa, amma zai iya ci, zai iya faɗuwa. Ni ba ni da hannu a zaɓen. In kun matsu ku sayar da abinku."

Kamar in nutse a ƙasa. Da fushinta na dawo gida.

Ranar rufe ambulan hannuna ya so ya ƙara ɗan wani abu, don hali. Ta dube ni ta saman tabarau, na rubuta farashin gaskiya. Aka buɗe a bainar jama'a a sakatariya, aka karanta na kowa, kaso ɗaya na kwangilar ya faɗo kaina.

Na kama hanyar ruga, ban san ko akwai sauran akuya ba. Na tarar da su cif, sun yi ɓul-ɓul. Baffa ya dube ni ya matsa gefe a kan tabarmarsa, karo na farko cikin shekara guda. Na zauna, na fara godiya da ya sake yarda da ni.

Ya ce, "Ba don kai na riƙe ba. Don matar nan da ta ce min za ka iya faɗuwa."

Har yau ina ciniki a kasuwa, ina ɗora kuɗi, ina cewa albarka, wannan kam ba zan daina ba. Amma tun daga ranar ban ƙara ce wa wani ya riƙe dabbarsa a kan abin da ba ni da tabbas ba. Hajiya ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Da na kai wa Baffa labarin, shi da bai cika shiga gari ba, sai ya ɗauki sandarsa ya ce in kai shi gaisuwa.