Ranar da Kwamfutar Malam Tanko Ta Koyi Sauri

Malam Tanko ya yi aikin buga tafireta a Batagarawa har ya yi ritaya, sannan ya buɗe ɗan shagon buga takardu a Ƙofar Marusa. Kwamfutarsa tsohuwa ce, kuma halinsu ya zo ɗaya, ba mai gaggawa a cikinsu. In ya kunna ta da safe, sai ta daɗe tana nishi kafin ta kawo hoton nan mai ado inda ake sa suna da kalmar sirri. Kafin nan ya leƙa wurin maƙwabcinsa Alhaji Babaji tela, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, su gaisa. Gaisuwa kuwa ta gaske, daga kwana da gajiya da iyali har a gangaro kan awakin gida. Masu jiran aiki ba sa cewa uffan, tunda kowa na gani na'ura ba ta tashi ba.

Ana nan sai ɗiyarsa Ramla, mai karatun kwamfuta, ta zo hutu. Ita ce dama ta sa masa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa yake ce mata Uwata.

"Baba, wannan hoton ne ke cinye mata ƙarfi. Bari in sa maka wani mashigi mara nauyi a madadinsa."

"Uwata, ta kawo miki ƙara ne?"

Ramla ta zauna gaban kwamfutar. Ta rubuta layi guda ga manhajar da ke ɗauko sauran manhajoji ta girka su, ta kuma cire su in an gaji da su. Rubutu ya yi ta gudu. Ta kashe tsohon mashigi, ta kunna sabo. Shi wannan ba hoto ba ado, ɗan akwati ne kawai a tsakiyar baƙin allo, suna a sama, kalmar sirri a ƙasa.

Washegari Malam Tanko ya kunna, ya leƙa wurin Alhaji. Bai wuce "ina gajiya" ba wata mata da ke jira ta ɗaga murya: "Malam, ta tashi hwa."

Haka ya guntule gaisuwa ya dawo yana tsaki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ya gwada ƙin kunnawa sai ya gama gaisawa, masu jira suka koyi miƙa hannu su danna masa da kansu. Alhaji kuwa ya koma amsa "lahiya" a taƙaice, idonsa na kan keken ɗinki. A ƙofar masallaci Malam Tanko ya ji labarin abin da dattijon ke faɗa: wai Tanko ya samu duniya, yanzu gaisuwar 'yan Kano yake yi, a tsaye.

"Uwata, cire mani abin nan."

"Baba, mutane nema suke tasu ta yi sauri."

"Su nema. Ni na aike ki? Mutumin da ya riƙe ni tun ina baƙo a layin nan, yau ko kallona ba ya yi."

Ta zumɓura baki, ta rubuta layi guda, manhaja ta kwashe sabon mashigin tsaf. Da yamma ta koma makaranta. Sai dai cikin fushi ta manta ba ta sake kunna tsohon mashigin ba.

Da safe allo ya tashi baƙi ƙirin, sai 'yar alama na ƙyaftawa, kuma ya fi na jiya sauri. Malam Tanko ya kira ta a waya yana huci.

"Na ce ki cire baƙo, kin haɗa da mai gida kin kora."

Ta ba shi haƙuri, ta riƙa karanto masa umarnin harafi bayan harafi. Yana bugawa yana mitar cewa duk shekarunsa a ofis bai taɓa buga rubutu mara kan gado irin wannan ba. Ya kashe, ya kunna. Kwamfuta ta soma nishinta na da.

Ya nufi shagon tela da wayar a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Alhaji ya bar shi tsaye har ya ƙarasa ɗinke hannun riga, sannan ya janye yadi daga kan benci.

"Zauna, ka fara daga farko."

Muryar Ramla ta fito daga waya: "Baba, ta tashi?"

"Ba ta tashi ba, Uwata. Allah ya yi miki albarka."