Tukunyar Tanko

Ranar wata Asabar cikin Yulin 2004, ruwa ya yi ta zuba a Zuru har ɗakin marigayi Kawu Ishaya ya yi yoyo. Da rana ta leƙo, Baba ya sa muka jawo akwatinsa na ƙarfe tsakar gida. Kawu soja ne, ya rasu a bakin aiki, akwatin kawai aka dawo mana da shi. Mun sa rai da takalma da hula, sai ga littattafan Turanci jiƙe sharkaf, na kwas ɗin da yake yi: tarihin mulkin mallaka a ƙasashen Amurka, da hulɗar ƙasashen can, da wani ƙato mai jera asalin baƙaƙen fatar Brazil, wane ya haifi wane. Ni aka ɗora wa shanyarsu a tabarma, ina fama da kaji da awaki, ƙawayena kuwa suna can suna 'yar gala-gala. Haushi kamar ya kashe ni.

Kaka, uwar Baba, ta zo wucewa da ƙwaryar dawa, iska ta buɗe ƙaton littafin nan a kan hoton wani dattijo mai tsage a fuska. Ƙwaryar ta kuɓuce mata. Ba ta ko dubi dawar da kaji suka rufar wa ba, ta durƙusa tana cewa, "Zanen gidanmu ne. Tanko ne."

Tanko ƙanin uwarta ne. Mahara suka ɗauke shi yana yaro yana tsaron gona a gindin dutse, tun kafin zuwan Turawa. A wajenmu idan mutum ya mutu akan ɗora tukunya ta musamman a kan kabarinsa. Uwar Kaka ta gina wa ƙaninta tasa, ta mutu ba ta san inda ya kwanta ba, ta bar wa Kaka wasiyya. Tukunyar na kife bayan rumbu, mu muna ɓuya kusa da ita in ana wasa. Baba dattijon coci ne, ya tsane ta, kullum cewa yake, "Inna, kayan duhu ne wannan." Ita kuwa sai ta ce, "Da kai da ita, ita ta riga ka zuwa gidan nan."

Ranar Litinin ta naɗe littafin a zane, ta bi ni makaranta, ta iske mu muna sharar fili. Wai a faɗa mata sunan garin da mai hoton yake, ko a mota ce a aika tukunyar. Yara suka yi ta dariya, kunya ta ishe ni. Hedimasta ya ba ta kujera ƙarƙashin dalbejiya, ya saurari labarin Tanko, ya daɗe yana duba shafin, sannan ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba shi ba ne. Kafin a haifi Tanko jiragen bayi sun daina tsallaka teku." Ta ce, "To ina suka kai shi, ɗana?" Ya ce, "Ba nisa. Wataƙila nan garuruwan kusa aka sayar da shi."

Wallahi da ya sani da ya yi shiru. A hanya ba ta yi kuka ba, sau ɗaya ta yi magana: "Da bayan teku ne, sai in ce ba mu da ƙafar zuwa. Ashe yana nan kusa, ba wanda ya neme shi." Daga ranar, duk ranar kasuwa sai na riƙe mata hannu mu ratsa layin hatsi da na shanu, tana leƙa fuskokin baƙi, har wasu su tsargu. Kuma wa zai zana jikokin bawa da zanen gidansu na asali? Ba ta ga kowa ba. Ta rasu bayan an yanke dawa.

Ranar biso, da za a binne ta, na ga abin da ban zata ba. Baba ya zagaya bayan rumbu, ya ɗauko tukunyar a kansa a gaban Fasto da kowa, ya ajiye ta gefen kabarin Kaka, a kan ƙasar da ba kowa a ciki.

Yanzu littattafan Kawu suna kan kantata, ina karanta su ba gargada, waya kuma tana nuna mini titunan Brazil. Amma in na shiga kasuwar Zuru, har yau sai in tsinci kaina ina duban fuskokin mutane. Na san hanyar bayan teku, ta wajen Tanko ce ban sani ba.