Yadda Jiran Tashin Duniya Ya Kashe Irin Albasar Gidanmu

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne a Aliero, ba a daɗe da yi mana jihar Kebbi ba, ina da mata da ɗiya guda, kuma duk abin da kunnena ya ji sai zuciyata ta ɗauka. Tsohona ya makance, saboda haka lambunmu ya dawo hannuna. Muna da irin albasa da ya gada wurin kakana, ja ce, mai jure ajiya, ta kai damina ba ta ruɓe ba. Irin albasa kuwa ba ya daɗewa a gora, dole kowace shekara a ware manyan kawuna a sake dasa su, a yi ta ban ruwa har su yi fure su ba da sabon iri. Wannan shekarar na dasa duk abin da muka ware.

Wata Juma'a na tafi kasuwar Jega, na tarar da labari ya cika ko'ina, wai an haifi jariri a wani ƙauye wajen Maiyama, ya buɗe baki ya ce duniya ba za ta kai azumi ba. Babu wanda ya ga jaririn, amma kowa yana da ɗan uwan da ya gan shi. Na hau mota na dawo gida da labarin. Kafin mako ya zagayo garinmu ya rikice. Masallaci ya cika har waje, wani maƙwabcinmu ya yanka ragon da yake kiwo ya ce gara ya ci abinsa, wata gwaggona ta bi gida gida tana neman gafarar mutanen da suka manta ma sun yi faɗa da ita.

Ni kuwa zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in koma. Kowace safiya ina tsaye ina duban ta inda rana za ta ɓullo. Nakan ɗauki hanyar lambu, in na yi nisa sai in tambayi kaina wa zai ci albasar, in juyo. Tsohona kullum sai ya tambaye ni ko na ba da ruwa, ya ce wanda ya san ranar nan ba ya zama a kasuwar Jega. Ni kuma in ce masa na bayar, a raina ina ganin tsufa ne ya hana shi fahimta.

Aka ga wata, aka ɗauki azumi, duniya tana nan daram. Mutane suka koma yi wa juna dariya, har mai ragon ma. Sai tsohona ya ce in ja masa sanda zuwa lambu, yana son ya shafa furen. Na kai shi. Ya durƙusa ya laluba fangali, ƙasa ta tsattsage, ganyen yana murƙushewa a hannunsa. Bai zage ni ba, ni da na so ya zage ni. Ya ce kawai mahaifinsa ya ratsa shekarar yunwa da wanga iri bai bari ya mutu ba, sannan ya ce in mai da shi gida.

Na zaga Aliero, na je har Birnin Malam wurin waɗanda tsohona ya taɓa ba irin, duk sun gauraya shi da wani. Tsohona bai ƙara tambayata zancen lambu ba har ya rasu, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, tsoron Allah bai taɓa hana mutum kula da amanar da ke hannunsa ba, nawa tsoron jita-jita ne. 'Yan uwa masu karatu, ranar tana zuwa, amma Allah kaɗai ya san ta. In an kawo muku irin wannan labari ku yi salla, ku nemi gafara, ku koma bakin aikinku. Yau ɗiyana a kasuwa suke sayen irin albasa, ba su taɓa ganin ta kakansu ba.