Noboru da Ɗakin Ƙanensa

Noboru ɗan yayana ne, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Tun yana sakandare nake kallonsa yana zuƙar taliya a shagona da ke bakin tashar jirgin ƙasa a Takaoka, baki cike yana zuba surutu. Yaron da ko wanka ba ya iya yi sai yana kiran wani ta taga, wai shi ne yau ake kira da sunan gidansu, Malam Torigoe, marubucin da ya san zafin kaɗaici.

Ya tafi Tokyo karatu, ya dawo ba takarda. Ya yi tallan inshora, aka sallame shi. Ya rubuta littattafan soyayya, ko uwarsa Fumie ba ta iya kai ƙarshensu ba. Da komai ya ƙi, sai ya tattaro ya dawo gida, ya tarar ƙanensa Yasuhiko ya kulle kansa a ɗakin sama.

Yasu tun yana ƙarami mai kunya ne. A kamfanin da ya fara aiki wani shugaba ya ci mutuncinsa a gaban mutane, ya dawo gida ya hau sama, bai sake saukowa ba. Fumie takan ajiye masa shinkafa da miyar miso a bakin ƙofa, an jima ta koma ta kwashe kwanonin. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce yana aiki a Osaka.

Noboru ya tsiri zama a bakin ƙofar nan kullum da yamma. Fumie ta zo shagona da hawaye, wai ashe yaron nan yana da tausayi. Da farko Yasu bai tanka masa ba. A hankali ya soma magana ta bayan ƙofa. Ya faɗa masa yadda yake ɓuya a lungu in an buga ƙararrawar gida, da yadda yake matse fitsari har sai ya ji kowa ya fita, da ranar da ya yi tari ya firgita don ya manta muryarsa. Shi a zatonsa da ɗan'uwansa yake hira.

Ashe duk abin da Yasu ya faɗa, Noboru rubutawa yake yi. Littafin ya fito, daga farko har ƙarshe "ni" ne, "ni" ne. Ya ci kyauta. Sai ga Noboru a talabijin, ya tara gashi har ya rufe masa ido, yana magana ƙasa-ƙasa yana kallon takalminsa, wai shekarun da ya yi a ɗaki sun hana shi haɗa ido da mutane. Ina tsame taliya a lokacin, saura kaɗan in ƙona hannuna. Iyaye masu irin waɗannan 'ya'ya suka riƙa cika zaure don jin laccarsa. Uwaye na kama hannunsa suna kuka, suna tambayarsa yadda aka yi ya fito, shi kuwa yana gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya dawo daga lahira.

Da ya zo ziyarar kaburbura lokacin bikin Obon, na tare shi a shago, na tambaye shi yaushe ya yi wannan zaman ɗakin ban sani ba.

"Goggo, ai littafi ba shaidar kotu ba ne," in ji shi. "Ni da Yasu jini ɗaya muke. Abin da ya ji, na ji."

Ya miƙo kwano a ƙara masa soyayyen jatan lande.

Fumie ba ta taɓa ƙaryata shi ba. Abin ma ya yi mata daɗi, don yanzu garin ya san ɗanta ɗaya ya shiga ɗaki ya fito da suna, ɗayan kuma yana Osaka.

Da ta rasu, kai abinci ya dawo kaina, don Malam ya koma Tokyo washegarin jana'iza. Na yi ta hawa da sauka har gwiwata ta ƙi. Na gaya wa Yasu ta bayan ƙofa cewa ni na gaji, in yana son abinci ƙofar baya ta shagona a buɗe take. Wata safiya kafin in buɗe, sai ga shi tsaye, ya yi fari fat, sanye da silifas ɗin uwarsa. Ya ci, ya wanke kwanonsa, ya haɗa da sauran na cikin baho.

Labari ya kai wa Noboru, ya taso daga Tokyo a guje. Ashe ya yi wa masu buga littafi alkawarin kashi na biyu. Ya samu Yasu a kicin, ya dinga ba shi shawara kada ya yi garaje, wai masana sun ce fitar gaggawa tana da haɗari, gara ya koma sama ya huta, shi zai riƙa zuwa suna hira kamar da. Yasu bai ɗago daga yankan albasa ba.

"Yaya, na karanta littafin. Ka iya rubutu," ya ce. "Amma ba ni da sauran abin da zan ba ka."

Dole Noboru ya rubuta na biyun da kansa. Wanda ke cikin labarin yana kulle a ɗaki, amma ko ina ka buɗe 'yan mata ne ke masa waya. Ba a saya ba. Ya ce zamani ne ya lalace. Yanzu ofishin ba iyaye shawara ya buɗe, kuma ana zuwa.

Yasu har yau ba ya leƙa gaban shago, wata rana ma ba ya zuwa sam. Ni ba na tambayarsa dalili.

Watan jiya Noboru ya zo da mai hoto na wata mujalla, za a ɗauke shi a ɗakin sama. Ya tarar Yasu ya share ɗakin tas, ya buɗe tagogi. Ransa ya ɓaci. Ya ja labule, ya watsa tsofaffin jaridu a kan tabarma, ya zauna a lungu ya rungume gwiwa. Da suka gama suka zo cin taliya. Mai hoton ya yaba yankan albasar, ya tambaya wane ne a kicin.

"Wani ma'aikacin Goggo ne," in ji Noboru, ya ci gaba da ba shi labarin littafi na uku.