Sallamar Inna a Shafin Intanet

Wata 'yar ƙara ce ta fara komai, ƙiƙ-ƙiƙ, daga tsohuwar rediyonmu mai kaset. Ina tsince shinkafa na ji ta, na zabura na kashe, amma zaren kaset ɗin ya riga ya naɗe. Kaset ɗin kuwa shi kaɗai ya rage mana na muryar marigayiya Inna, saƙon da ta aiko mini daga garin Kwadon shekarar da na yi haihuwar fari.

Babbar 'yata, wadda ke karatun kwamfuta a lokacin, ta lallaɓa zaren da biro, ta kwashe muryar zuwa kwamfutar babansu. Ta ce za ta dasa ta a shafin intanet don 'yan'uwana na nesa su ji. Da ta buɗe shafin, wani baƙin akwati kawai muka gani, shiru.

"Ta ɓace ko?" na tambaya.

"Tana nan, Umma. Burauzar ce, manhajar da ke buɗe shafin, ba ta iya furta ta ba. Sai an ƙara mata wata 'yar manhaja, fulogin."

Ta sauko da ita, ta rubuta wasu layuka, ta sake buɗewa. Sai ga Inna, tar: "Salamu alaikum, masu gida."

Ban san lokacin da na amsa ba. Allah mai iko! Matar da na yi wa wanka da hannuna, ga tarinta, ga zakaranta yana cara a bayanta.

Ashe yarinyar ta tsara muryar ta riƙa tashi da kanta, in ta ƙare ta koma farko. Washegari babansu ya bar shafin a buɗe ya tafi masallaci. Ina kicin ina tuƙa tuwo na jiyo Inna tana sallama a falo, ba kowa. Can ta sake. Na shigo a guje da muciya a hannu ina amsawa.

"Ki gyara," na ce wa 'yata. "Uwata ba za ta yi ta sallama ba mai amsawa ba."

Ta fara dariya, ta ga fuskata ta daina. Kalma ɗaya ta canja a layukan nan. Daga ranar Inna ta koma jira, sai an danna.

Da la'asar autata, wadda ba ta taɓa ganin Inna ba, ta ja mini zane.

"Umma, zo ki buɗe wa Inna. Yau ni zan amsa mata."