Ƙahon Ranar Kasuwa

Har yau in na wuce majalisar gindin dalbejiya a ƙofar gidanmu a Ajingi, gaisuwata iya leɓe take tsayawa. Dattawa ne, furfura fal, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce "ban sani ba".

Da fitsari ya fara yi wa Babanmu gardama, ni na raka shi asibiti a Gaya, daga can aka tura mu Kano. Likita ya ce daji ne a wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ya ɗora shi a kan allura mai rage sinadarin mazantaka, don da shi ciwon yake ƙoshi. Ya ce akwai awon da za a riƙa yi a jini. In ya faɗi ƙasa sosai tun a watannin farko, allurar ta karɓe shi, kuma masu irin wannan sa'ar sun fi daɗewa a raye, muddin ba su daina ba.

Baba ya kai zancen majalisa. Nan take ƙanensa, Baffanmu, wanda ko akuya bai taɓa yi wa allura ba, ya yanke hukunci: tunda jini za a duba, a zubar da mugun jinin kafin a koma. Ranar kasuwa suka rankaya da shi wurin wanzami, aka kafa masa ƙaho a ƙeya da gadon baya.

Da muka koma Kano awo ya fito, ya faɗi warwas. Likita har da murmushi. Ni kuwa hamdala na yi ta yi a mota har muka iso gida.

Majalisa ta ce aikin ƙaho ne. Allurar da ma ta ishi Baba. Gumi yake haɗawa ko ana sanyi, ƙirjinsa ya ɗan tasa, su kuma ba su raga masa ba.

"Yaya, wai jego kake yi ne?" in ji Baffa. Suka tuntsire da dariya, gemai-gemai da su.

Da Baba ya ce ya daina allurar, na durƙusa na ce, "Baba, don Allah kar ka fasa. Allurar ce ta yi aiki."

"Ke 'yar nan, jinin da aka fitar da idona na gan shi, baƙi ƙirin. Allurar taki me ta fitar?"

Bai sake shiga motar Kano ba sai da ciwon ya sauka a ƙashin bayansa, ranar kuma ɗaukarsa aka yi. Na ji haushin mutanen nan har cikin raina, kuma bai huce ba.

Da kwanciya ta yi tsawo suma ta taru masa, wanzamin nan dai aka kira ya yi masa aski. Ni na tallafe kansa. Aska na bi ta ƙeya, sai ga tabon tsagar nan a jere. Daga waje ina jiyo Baffa yana ce wa wani maƙwabcinmu da fitsari ya fara damu ya shirya ranar kasuwa, shi da kansa zai raka shi.