Sunana Daga Saman Bene

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abla Rabi ta rasu. Yau da safe ina ɗaura ɗankwali Ummi ta shigo da waya a hannu, ta ce, "Safiyya, zauna tukuna."

Kun san ban cika rubutu a nan ba, sai dai in karanta naku in wuce. Yau na kasa.

Malamar lissafinmu ce (Abla muke ce wa malama a nan), kuma maƙwabciyarmu a unguwar Misfala, nan Makka. Tana ƙasa, muna can saman bene.

Ranar da ta kama ni da littafin soyayya a cikin littafin lissafi, na zaci tawa ta ƙare. Ta ƙwace ta ci gaba da darasi. Da muka haɗu a matakala sai ta miƙo min, ta ce, "Na karanta. Wannan saurayin naki ba shi da aiki sai tsayuwa a bakin taga. Akwai na biyu?"

Tun daga nan nake ara mata.

Bana na ci jarrabawar shiga makarantar haziƙai ta gwamnati. Saura muƙabala, inda za ki zauna gaban malamai su yi miki tambayoyi. Sai gidanmu ya rabu. Abba ya ce maki maki ne, takarda ba ta san launin kowa ba. Kawu Idi ya ce takarda ba ta gani, amma masu muƙabala suna da ido, da sun ji "Hausawi" a ƙarshen suna shi ke nan, sai wanda ya san wani.

Ban san wa ya fi gaskiya ba. Na dai san ƙawata Zainab ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, amma ko jarrabawar ba ta zauna ba, don ba ta da takardun zama. Abla ce ke koya mata a falonta da yamma.

Tsoro ya kama ni. Na je na ce wa Abla na fasa.

Ta ce, "Yaya sunanki?"

Na faɗa.

"Safiyya Adam me? Kin haɗiye rabi."

Ta kora ni sama, ta tsaya a gindin matakala ta ce in faɗa har ta ji. Na faɗa, ta ce ba ta ji ba. Na sake. Na sake. Har wata tsohuwa ta leƙo tana tambaya ko yarinya ce ta ɓata. Kunya kamar in nutse, ita kuwa Abla dariya har da riƙe bango.

Da na sauko na ce, "Abla, za su ɗauke ni?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba, ya binti, 'yata. Ni ma an taɓa mayar da ni daga irin wannan ƙofa, har yau ban san ko maki ne ko fata ba. Amma in za su ƙi ki, su ƙi ki da bakinsu. Kar ki yi musu aikin."

Ranar Alhamis na duba ta tana kwance ba lafiya, murya ta dusashe. Ta ce, "Yanzu ni ce ba a ji na." Ta zaro littafin ƙarshe da na ara mata daga ƙarƙashin filo. "Ban ƙarasa ba. Ya aure ta?"

Na ce eh.

"To ya samu aiki?"

Ashe dariyarmu ta ƙarshe ke nan.

Muƙabala ranar Lahadi ce. Har jiya ban yanke shawara ba. Ɗazu na sauko na tsaya a ƙofar Abla, na faɗi sunana duka, da ƙarfi, ina kuka. Zainab ce ta buɗe, idonta jajir. Ta ce, "An ji. Ki je, ki dawo ki gaya min tambayoyin."

Zan je.

Za a yi mata sallah a Harami bayan la'asar. Ya Allah Ka gafarta wa Abla Rabi, Ka haskaka kabarinta, Ka buɗe mata ƙofar Aljanna ba tare da tambaya ba. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko bai san ta ba.